Tonton Isufu da Tatsuniyar Tsanin Giginya

A gidanmu na Zongo ba a taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutar ƙosai ce muke samun rararta. Kakata, mahaifiyar babana, takan kafa kaskonta a ƙofar gida tun bayan la'asar, ta jingina da katanga tana kallon masu dawowa daga famfo da gangunan ruwa a kan amalanke. Maƙwabtanmu Mosawa suna ce wa ƙosanta samsa, ita kuma su ce mata Yaaba, wato kaka. Ta yi fiye da rabin rayuwarta a Wagadugu, amma Mosancinta bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Hausarta ta Ƙonni ce, kuma ba ta yarda a surka mata ita. In wani a cikinmu ya yi kuskure ya gaishe ta da Faransanci ya ce mata "bonsuwar", sai ta waiga hagu da dama ta ce, "Wane ne kuma Bonsuwar? Ɗan gidan wa?"

Ana fitowa daga sallar magariba ƙullu ya ƙare. Sai ta sauke kasko, ta tsiyaye sauran mai a kwalba, ta raba mana ɓurɓushin da ya rage a tafin hannu. Lokacin lantarki bai iso ɓangarenmu ba, don haka hasken garwashin nan shi ne fitilarmu har a kira isha'i. Ni da ƙanwata Balkisa da 'ya'yan maƙwabta mukan kewaye murhu, wasu a kan bulo, wasu a ƙasa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Matsamin ƙosai take bugawa a bakin kasko ta ce, "Baƙuwa ta yi sallama." Mu amsa baki ɗaya, "A shimfiɗa mata tabarma!" Daga nan in ka kuskura ka yi tari ma, sai ta ce ka kore mata baƙuwa.

Akwai babban mutum ɗaya da yake zuwa bakin wutar kullum, amma ba don tatsuniya ba. Shi ne Tonton Isufu, ƙanin babana, autan Kaka. Tonton ɗin Faransanci ne, wato baffa. Yakan fito da dutsen gugarsa na gawayi, ya durƙusa, Kaka ta zaɓo masa garwashi masu rai ta zuba a ciki. Ya ce, "Na gode, Inna." Ta ce, "Allah ya sa gobe ta fi yau, Auta." Sai ya koma ɗakinsa da ke jikin zaure, ya goge farar rigar da zai sa da safe.

Tonton Isufu shi ne farkon wanda ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a zuriyarmu. Babana direban babbar mota ne, tsakanin Lome da Wagadugu da Yamai. Ya sha gaya mana yadda yaro ƙarami mai kaki yakan tsayar da shi a shinge, ya miƙo masa takarda da Faransanci, shi kuwa ya tsaya yana jujjuya ta kamar wanda aka ba wa maciji. Shi ya sa da gwamnati ta kawo lakwal kusa da unguwa, rediyo yana ta kiran iyaye su kai 'ya'yansu, Baba ya kama hannun ƙaninsa da kansa ya kai shi. Mahaifinsu ya rasu tun Tonton yana goye, saboda haka Baba ne uba. Ya rantse cewa wannan yaron a biro, wato ofishi, zai zauna, shi za a riƙa miƙa wa takarda ya sa hannu.

Tonton bai ba shi kunya ba. Ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya shiga jami'a ya karanta tattalin arziki, ya fito. Ranar da ya gama, Kaka ba ta sayar da ƙosai ba, rabawa ta yi. Sai dai aiki bai zo ba. Abin da ya zo shi ne sitaj. A lokacin akwai wani tsari na gwamnati da ake tura matasan da suka gama karatu ma'aikatu su yi 'yan watanni suna koyon aiki, ana cewa ta nan ƙofa take buɗewa. Tonton ya yi a wata ma'aikata, wa'adi ya cika, aka gode masa, aka ba shi takardar shaida. Ya sake nema, aka tura shi wata. Kowace shekara kuma ya zauna konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, tare da matasan da filin lakwal ba ya ɗaukarsu. Da safe yakan ɗaura karabat, wato naktaye, a wuya, ya hau tsohon keken Baba, ya bi ta unguwar Gounghin ya shiga gari. Mutanen unguwa suna ce masa Mushe, wato yallaɓai da Faransanci. Mu yara muna tsammanin wani babban mutum ne. Ban san cewa sau da yawa aikinsa bai wuce kai takardu daga wannan ofishi zuwa wancan ba.

Ina aji na huɗu a lakwal lokacin da Alhaji Garba ya zo gidanmu. Bakano ne, mai shagon atamfa da shadda a babbar kasuwa, kuma Baba yakan ɗauko masa kaya daga Lome. Ya zo da la'asar sakaliya, aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, ba nisa da kaskon Kaka. Ni aka aika na kawo ruwa, sai na ƙi tashi daga wurin.

Alhaji ya ce, "Malam Abdu, yaron nan naka nake so ka ba ni. Ina da kaya, ina da masu saye, amma ba ni da baki a wajen 'yan duwan, 'yan kwastan ɗin nan masu Faransanci. Ya riƙa bin kayana zuwa tashar jirgin ruwa yana yi mini magana da su. In Allah ya yarda, ba za a daɗe ba zai tsaya da ƙafarsa."

Baba ya gyara zama. Ya ce, "Alhaji, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma shekara da shekaru muna tura wannan mota, yanzu da ta kusa tashi sai mu saki? Shugaban wurin da yake sitaj ya ce masa in an samu gurbi shi ne na farko. Saura kaɗan."

"To, ba a tambayi yaron ba?"

"Abin da na ce shi zai ce."

Alhaji bai ja ba. Ya yi addu'a, ya gai da Kaka, ya hau babur ɗinsa. Kaka ba ta ɗago kai ba, sai dai na ga ta bar ƙosai ya ƙone a kasko, abin da ban taɓa gani ba.

Babana ɗan fari ne. Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta zama su yi hira ido da ido. In tana da magana da shi, sai ta ce wa ɗayanmu, "Gaya wa wancan," ko da yana zaune a gabanta. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka ta rayu. Ga shi kuma a kan maganar lakwal tana ganin ba ta da ta cewa. Takan ce, "Ni da ban san baƙi ko ɗaya na Nasara ba, me na sani?"

A ranar, bayan magariba, Baba bai shiga cikin gida ba. Ya zauna a kan tabarmar da Alhaji ya bari, da ɗan rediyonsa a gefe. Tonton ya zo ya karɓi garwashi ya koma ɗaki. Kaka ta buga matsami, ta ce, "Baƙuwa ta yi sallama," da murya sama da yadda ta saba.

Ta ce an yi wani gari da yunwa ta shiga. A tsakiyar garin akwai giginya, doguwa ƙwarai, sai mutum ya dafe hula kafin ya ga kanta. Tana cike da 'ya'ya nunannu, ƙamshinsu yana saukowa har cikin gidaje, amma ko ɗaya ba ya faɗowa. Mai gari ya tara masassaƙa ya ce a yi tsani. Kowane gida ya kawo itace. Aka zaɓi wani yaro mai sauƙin jiki, ɗan wata mata da mijinta ya mutu, aka ce shi zai hau ya girgizo wa gari abinci. Yaro ya hau ana yi masa guɗa. Yana kaiwa rabin giginya, tsani ya ƙare, itace kuma ya ƙare.

Sai wani mai wayo a cikin masassaƙa ya ce, "Ai ya riga ya wuce matakan ƙasa. A ciro su, a ɗaura a igiya a miƙa masa, ya ƙara a sama." Kowa ya ce wannan dabara ta yi. Aka yi ta cirowa daga ƙasa ana ƙarawa a sama, yaro yana ta hawa, har matakai suka ƙare ƙaf. Ya miƙa hannu, ya ga saura kamu ɗaya ya taɓa 'ya'yan giginya. Ya duba ƙasa, babu abin takawa. Mai gari ya ce ya yi haƙuri, an aika daji neman itace.

A nan Kaka ta sassauta murya ta yi waƙar uwar yaron, wadda take zuwa gindin giginya kowace yamma da ɗan tuwo a ƙwarya ta ɗaura a igiya:

"Ɗana na sama, ɗana na sama,
ka kai, ko da saura?"

Ta sa mu muka amsa da muryar yaron:

"Inna da saura, Inna da saura,
kamu ɗaya ya rage."

Rannan sai ga wani falke a kan raƙumi mai tsawo. Ya tsaya ya ɗaga kai ya ce, "Yaro, zamo ka diro kan tozon raƙumina. Ina da gona, akwai aiki, akwai tuwo." Yaro ya dubi raƙumi, ya dubi 'ya'yan giginya, ya dubi mutanen gari. Mutanen gari suka ɗauki ihu, "Kada ka diro! Saura kaɗan!" Uwarsa tana cikinsu, bakinta ya yi nauyi. Mai raƙumi ya jira har rana ta karkata, ya yi gaba.

Itace bai zo ba. Mai gari ya mutu aka naɗa sabo, sabon ya zo ya zagaya giginya ya ce tun asali ba a kafa tsanin a gefen da ya dace ba, shi zai kafa nasa ta ɗaya gefen. Mutane suka koma can suna guɗa, suka manta da na sama. Yaro ya yi ta ramewa har Allah ya ji tausayinsa ya mai da shi tsattsewa. "Shi ya sa," in ji Kaka, "har gobe za ku ga tsattsewa tana kewaya giginya tana kuka. Ba ta cin 'ya'yan, kuma ba ta sauka ƙasa."

Balkisa ta ce, "Kaka, me ya hana uwar ta ce ya diro?"

Kaka ta tona garwashi da matsami. Ta ce, "Ba kowane baki aka ba wa izinin magana ba, 'yar nan."

Ni kuwa na ce da ni ne, da na yi tsalle na cafko guda. Yara suka fashe da dariya, muka shiga gardamar wa ya fi iya tsalle. Baba ya murɗa rediyonsa ya kashe, ya miƙe ya ce, "Inna, yaran nan suna da lakwal gobe." Kaka ta dube ni ta ce, "Maigidana, gaya wa wancan na ji." Sannan ta rufe da abin da ta saba, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Wanda ya ga ƙarya a kayanta, ya bi ta ya amso gaskiya."

Ba wanda ya sake ta da maganar. Alhaji Garba ya ɗauki wani yaro ɗan unguwar Larlé, wanda yanzu yake da shagonsa na kansa. Tonton ya ci gaba da karɓar garwashi. Wuyan rigarsa ya cinye, tela ya juya masa shi. Akwai wata yarinya a unguwar Cissin da suke son juna, ta jira shi iya jiranta, daga baya da kansa ya ce mata ta yi aurenta. Tsarin sitaj ɗin ya canza suna, ya sake canzawa, kowane sabon minista da nasa, kuma kowane sabon tsari sai Tonton ya sake haɗa takardunsa ya kai. Mutanen unguwa suka ci gaba da ce masa Mushe, amma wasu sun fara faɗinsa da wata irin murya.

Konkur tana da iyakar shekaru. Wata shekara ta zo da Tonton ya haura iyakar. Ba a yi rigima ba, ba a yi kuka ba. Da magariba dai bai fito da dutsen guga ba. Kaka ta zaɓi garwashin ta ware a gefe kamar kullum, har suka zama toka. Bai cika wata ba ya bi motar albasa zuwa Abijan. Ya gaya wa Baba a tsaye a zaure, Baba ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," bai ƙara ba.

Ni lokacin na gama ƙaramar sakandare da sakamakon da ba na alfahari da shi. Na ce wa Baba ina so in shiga cibiyar koyon sana'a da gwamnati ta buɗe, in koyi aikin lantarki. Na shirya wa faɗa. Sai ya ce, "Je ka." Tun daga tafiyar ƙaninsa ya daina cewa a'a, ya kuma daina cewa saura kaɗan.

Kaka ta rasu Tonton yana can. Gwiwoyinta sun riga sun raba ta da kasko, amma har ƙarshe in ta ji tsayuwar mota a bakin titi sai ta ce a leƙa. An kira shi a waya, ya iso bayan an yi sadakar uku. Ya zauna a ƙofar gida, daidai inda murhun yake a da, ya karɓi gaisuwa, ya koma. Sai da idanun Baba suka fara dushewa Tonton ya dawo gaba ɗaya, da furfura a gemu da jaka guda. A Abijan ya yi awon koko a wani sito, ya yi gadi, ya yi abubuwan da ba ya son faɗa. Yanzu yana tara 'ya'yan unguwa da yamma yana yi musu bitar lissafi da Faransanci, kuma iyaye suna yabon hannunsa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muna shan shayi ni da shi a gindin mangwaron gidanmu, sai hira ta kai mu ga Kaka. Muka yi dariyar Bonsuwar ɗan gidan wa. Sai na ce, "Tonton, akwai wata tatsuniya da ta taɓa yi mana, ta yaron da ya hau giginya. Kai ba ka nan."

Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ina nan, Habibu. Tagar ɗakina a buɗe take. Na ji ta tun daga sallama har naɗe tabarma. Har rigata na ƙona ranar."

"Ka gane da kai take?"

"Wa zai kasa ganewa? Yaya ma ya gane."

"To me ya sa ba ka bi Alhaji ba?"

Ya ce, "Ina so. Wallahi ina so. Na gaji tun kafin ranar. Amma ta yaya zan dubi mutumin da ya yi ta kwana a hanya saboda ni, in ce masa na fasa? Da safe na fito da keke, na tsaya a gaban Inna na daɗe ina gyaran sarƙa, alhali ba abin da ya same ta. Jira nake ta ce, Auta, sauko. Da ta faɗa da baki, da na ajiye keken. Sai ta ce Allah ya sa yau ta fi jiya. Sai na hau."

Baba yana ɗaki yana jinmu.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin zargi ga masu kafa tsani, kuma akwai gaskiya a haka. Lakwal alheri ce, ni ma ita ta ba ni abin da nake ci. Amma an buɗe mana ƙofar shiga da faɗi, ba a tsaya an duba ta fita ba. Yanzu ni malami ne a cibiyar da na yi karatu, kuma cikin aikina har da nema wa ɗalibai wurin sitaj. Nakan bi Gounghin shago shago, gareji gareji, ina roƙon masu sana'a su karɓi yaro ko yarinya na 'yan watanni. Wasu su karɓa su koya musu aiki tsakani da Allah. Wasu su karɓa don sun samu mai shara. Na ga waɗanda sitaj ta zame wa ƙofa, na ga waɗanda ta zame wa zaure, suna zaune a ciki shekara da shekaru, ba su shiga gida ba, ba su koma titi ba.

Tun daga hirar gindin mangwaro na fahimci cewa ba masassaƙa kaɗai Kaka take nufi ba. Mu na ƙasa muna da namu kason. Kowa a gidanmu yana ƙaunar Tonton Isufu. Baba ya ƙaunace shi da buri, Kaka ta ƙaunace shi da kunya, shi kuma ya rama musu da biyayya, kuma a tsakanin waɗannan kyawawan halaye uku ƙuruciyar mutum ta zube. Kaka ta yi iyakar abin da al'adarta ta ba ta dama, ta naɗe maganar a cikin tatsuniya ta ajiye a gaban kowa. Kowa ya gani, ba wanda ya kwance.

Shi ya sa yanzu, in ɗalibina ya zo ya ce an sake tsawaita masa sitaj karo na ban san nawa ba, kuma an ce ya ƙara haƙuri, ba na yi masa karin magana. Nakan zaunar da shi in tambaye shi abin da yake so, in gaya masa abin da na gani ƙarara, in ya yarda in bi shi har gida mu faɗa a gaban iyayensa. Wasu iyayen suna jin haushina, suna cewa ba ni da kara. Nakan karɓa. Abin da ke damuna kawai shi ne na koyi wannan a makare. Wanda ya fi kowa bukatar jin magana ƙarara ya ji ta ne daga bakin ɗan wansa, da kofin shayi a hannu, bayan gemunsa ya yi fari, kuma wadda ya so ya ji ta daga bakinta tana kwance a maƙabarta.